Gadon da Bakanike Ya Gyara

In kana son ganin masifa da rana tsaka, ka ce wa bakanike abin da ya gyara bai gyaru ba. Tela ta san haka tun ba yau ba, don ta daɗe tana auren ɗaya daga cikinsu. Amma ta faɗa ɗin, saboda hannunta ne a ciki, ba na wani ba.

Gidan nasu ciki da falo ne a saman bene, irin wanda in ka yi miƙa da ƙarfi sai ka mari bango. Falon ta mayar da shi wurin aiki: keken ɗinki a bakin taga, teburin yanka a bayan ƙofa, sai kujera guda ta masu kawo ɗinki. Yadin mutane kuwa babu inda za a sa shi, shi ya sa suka sayi gado mai ma'ajiya. Katifar da ƙarfen da take kai tare suke ɗagawa kamar murfin akwati, ƙasan kuma rami ne mai faɗin gadon gaba ɗaya. Ka kama igiyar da ke wajen ƙafa ka ja sama, wasu sandunan ƙarfe biyu masu iska a ciki, ɗaya dama ɗaya hagu, su karɓi nauyin su riƙe maka shi a buɗe har ka gama. Su Bakanike shok suke ce wa sandunan nan.

Shi Bakanike, kwanciya kawai ya san gadon da ita. Ita kuwa wuni take tana buɗe shi. Mai riga ta zo, a buɗe. Mai siket ta zo karɓa, a buɗe. Kuma ba daga baki ake ɗauko kaya ba, sai ta sunkuya ta zura hannu har kafaɗa, wani lokacin har kai, katifa tana rataye a saman ƙeyarta. Don haka take lallaɓa shi kamar ƙwai. Da hannu biyu take ɗagawa har ya kai ƙarshe, ba ta cika shi har ya ƙi rufuwa, tana goge sandunan da busasshen tsumma, in ta ji noti ya fara rawa ta matse abinta.

To, komai ya yi farko zai yi ƙarshe. Sandar hagu ta gaji. Da fari wani ɗan huci take yi, daga baya sai da Tela ta sa kafaɗa kafin gadon ya tashi. Ta kira shagon da suka saya, matar da ta ɗauki wayar ta yi mata bayani dalla-dalla: sandunan biyu tare ake canza su, daidai da nauyin katifa ake zaɓo su, ba a shafa musu mai, kuma kafin a canza kada kowa ya sa hannu a ciki.

Da Bakanike ya dawo yana wanke hannu a bakin famfo, ta kwashe duk ta faɗa masa. Ya yi wata dariya ta hanci.

"Mai shago ce za ta koya mini shok? Ke, motar da ke ɗaukar rayukan mutane nake kwancewa in ɗaure. Gado ne zai gagare ni?"

"Ni dai ba gagara na ce ba, Maigida. Cewa aka yi guda biyu ake sawa, na gadon."

"Aka ce, aka ce. Gobe ki ga aiki."

Ba kuɗi ne matsalar ba, kada ma wani ya yi masa wannan uzurin. Mutumin yana samu daidai gwargwado. Abin da ba zai iya ba shi ne ya shiga shago ya sayi ƙarfe sabo fil, alhali bayan garejinsa cike yake da gawar motoci. Washegari sai ga shi da shok ɗin but, wato sandar da ke riƙe murfin bayan mota, ya ciro ta daga wata motar da ta yi haɗari. Baƙa ƙirin, ta fi ta gadon gajarta. Da ramin noti bai zo daidai ba, ya huda sabo. Da ya gama ya lafta mata baƙin mai, ya zagaya ya lafta wa ta daman ma, wadda ba ta yi masa laifin komai ba.

"An ce ba a sa mai," in ji Tela daga bakin ƙofa.

"Ƙarfe da mai ai hanta da jini ne. Ki tsaya a kan allurarki."

"Murfin but katifa yake ɗauke da ita?"

Bai ko waiwayo ba. Ya ja igiya, gadon ya tashi a karkace, dama ta riga hagu, da wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Amma ya tsaya. Bakanike ya daki gefensa da tafin hannu, ya dube ta sama da ƙasa, ya kwashi sifanunsa ya fita. Ya bar mata tabon mai a zanin gado.

Kwana kaɗan aka yi lafiya. Ranar da abin ya faru, ta sunkuya ta jawo wani yadi daga can ƙurya, ta miƙe ke nan ko juyawa ba ta yi ba, sai ji ta yi tim! Iskar faɗuwar ta bugi fuskarta. Doguwar rular katako da ta bari a kan bakin ramin ta rabu gida biyu, rabi a ciki rabi a ƙasa. Tela ta tsaya tana kallon guntun rular, ta kalli tsintsiyar hannunta, wadda ba ta fi rular kauri da wani abin kirki ba. Tsoro ya kama ta sosai. Ranar har yamma ta kasa zura zare a allura.

Ta ajiye masa guntayen a kan tire, kusa da abincinsa.

"Meye wannan kuma?"

"Aikinka ne. Da hannuna ne fa?"

Ya juya guntun da yatsa ɗaya. "Ba ki ɗaga shi har ƙarshe ba."

"Na ɗaga."

"Ba ki ɗaga ba. Na san ki da gaggawa. In da kin ɗaga ba zai sauka ba."

"Kana nan ne da na ɗaga?"

"Ba sai ina nan ba. Ni na ɗaura shi."

Kun ji fa. Shi ya ɗaura, saboda haka gadon ba zai yi ƙarya ba, sai dai matar. Tela ta haɗiye abin da ya taso mata, ta ce a ranta taurin kai ne kawai, mutumin ya yarda da aikinsa har zuci, ba mugunta ba ce. Da wannan take lallashin kanta.

Da safe ta cire sandar mofar goge ƙasa, duk sanda ta buɗe gadon sai ta tokare shi da ita. Ba a yi nisa ba wata mai kawo ɗinki, wadda mijinta ke kai mota garejin, ta leƙo ɗaki ta gani, ta tuntsire da dariya. "Oh ni! Gidan Oga guda da sandar mofa?" Bakin mata kuwa ba ya kwana. Kafin la'asar maganar ta isa gareji, masu aiki a ƙarƙashin Bakanike suna ƙunshe dariya a bayan bonet.

Ya shigo ko sallamar kirki babu. Kai tsaye ya wuce ɗaki ya ɗauko sandar, ya sa gwiwa ya karya ta a gabanta.

"Ni za ki tozarta? Ni za ki mayar abin dariya a gari?"

"Hannuna nake karewa, Injiniya." Injiniya take ce masa in ɓacin ranta ya kai maƙura, kuma ya sani.

"Kada in sake ganin an tokare gadon nan da wani abu. Ko tsinke."

"To sayo na gaskiyar ka sa."

"Na gaskiyar ne a jiki!"

Daga nan gida ya koma fagen yaƙi. Gaisuwa ta zama "hmm". Abinci ana dangwarar da shi, kofi ana ajiye shi da ƙara don a ji. Ta sayo wata mofar, ya ɗauke ta ya kai gareji. Ta gwada tokarewa da kujerar masu ɗinki, ba ta kai tsawo ba. Ta kwashe kayan kaf daga cikin gadon ta jibge a tsakar ɗaki, ta ce to a zauna haka. Ya shigo da takalmin aiki ya taka farin leshin wata mata, sawunsa ya fito raɗau da baƙin mai, sai da ta wuni tana dirza tana kuka don takaici. Da ta yi magana ya ce ai ga ma'ajiya can a banza, wa ya ce ta zubar da kaya a hanya? Dole ta mayar da su. Kayan mutane amana ne, ba za ta bari a lalata ba.

Haka ta koma buɗe gadon da bisimilla a baki, kafaɗa ɗaya a ƙarƙashin ƙarfe, hannu ɗaya yana lalube, ido a sama. Ɗinkin da take gamawa kafin azahar ya koma kai ta magariba. Masu kaya suka fara ƙorafi. Ita kuma duk sanda ta kalle shi kwance a kan gadon yana danna waya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ta ji kamar ta kifar da katifar da shi.

Ranar da haƙurinta ya ƙare, ta ce masa, "Zan kira kafinta."

Ya tashi zaune. "Ki kira wa?"

"Kafinta. Ya zo da na gadon ya sa, a huta."

"Wani ƙato ya shigo ɗakin kwanana da sifana, ya kwance abin da na ɗaura? Wallahi in kin fasa ba ki cika mace ba. Kira shi ki gani."

"Zan kira kuwa."

Maimakon ya ƙara magana, sai ya fita baranda ya kira uwarsa. Tela tana jin sa ta taga, ya kwantar da murya kamar maraya: ta raina shi, ta raina sana'arsa, tana neman shigo masa da maza gida. Maganar rula kuwa ko da wasa bai ambata ba.

Inna ta iso da hantsi ranar da ba ya zuwa aiki. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ƙafa na ciwo amma baki lafiya lau, ta hawo benen tana haki tana mita. Ɗan nan nata shi ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa, kuma a wurinta tun da aka haife shi bai taɓa kuskure ba. Tela ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa. Inna ta zauna a kujerar masu ɗinki ta ƙare wa falon kallo.

"'Yar nan, me nake ji haka? A kan gado?"

"Inna, faɗowa yake yi. Saura kaɗan ya karya mini hannu."

"Ya karya?"

"Bai karya ba, amma..."

"To alhamdu lillahi. Ke yanzu mijinki da manyan mutane ke layi da motocinsu a ƙofarsa, shi ne za ki ce bai iya ɗaure gado ba? Yaron nan tun yana rarrafe yake kwance rediyon ubansa. Mace ba ta kunyata mijinta a waje, ko da kuwa ya yi ba daidai ba, balle ya yi daidai."

Bakanike yana jingine da bango, ya harɗe hannu, bakinsa har kunne. Tela ta sunkuyar da kai, ba don ta yarda ba, sai don kada Inna ta ga abin da ke idonta.

"Inna, zo ki gani da idonki," ya ce. "Don kada a ce na faɗi son raina."

Suka shiga ɗakin su uku, da ƙyar ya ɗauke su. Ya kama igiyar da hannu ɗaya, don burga, ya ja. Gadon ya yi ƙararsa, ya tashi a karkace, ya tsaya. Ya dake shi. Ya sake dukansa. Ya ja da baya ya buɗe hannuwa.

"Ga shi nan. Ina faɗuwar? To Madam, bisimilla. Sa hannu ki ɗauko wani abu Inna ta gani."

"Ba zan sa ba."

"Kin ji ko, Inna? Sa hannu, na ce."

"Na sa na gaji. Yau ba zan sa ba."

Inna ta ja tsaki. "Kai, 'yan zamani da tsoro kamar farar kura." Ta matso tana leƙa ramin, sai idonta ya sauka a kan wani yadi ruwan ƙasa can wajen kan gadon. "Af! Wancan ba yadina ba ne da na kawo tun tuni? Ashe nan aka binne shi. Matsa, 'yar nan, ni in ɗauko abina."

Kafin kowa ya ankara tsohuwa ta dafa bakin gadon, ta zura kai da kafaɗu a ƙarƙashin katifar, tana miƙa hannu.

"Inna!"

Ihun da ya yi sai da ya cika benen. Tsalle ɗaya ya yi ya cafe ƙarfen da hannu biyu, ya cusa kafaɗarsa a ƙasa, ƙafafunsa suna zamewa a kan tayil.

"Inna fito! Fito, don Allah, zai faɗo! Ke, jawo ta mana!"

Tela ta kama ƙugun tsohuwar ta jawo ta baya. Inna ta fito ɗankwali a karkace, yadinta a hannu, tana zare ido. Gadon kuwa ko motsi bai yi ba. Yana nan tsaye yadda aka bar shi, sai mutum a ƙarƙashinsa yana haki, idanunsa sun firfito.

Inna ce ta fara magana, a hankali.

"Zai faɗo, ka ce?"

"A'a, Inna, wai... ke da ƙafarki, kar ki zame..."

"Ba zamewa ka ce ba. Kunnena bai mutu ba."

Tela ta saki ƙugun tsohuwar. Ta daɗe tana jiran ranar da gaskiyarta za ta fito, ta sha tsara irin maganar da za ta gasa masa. Ga ranar ta zo, babu ko ɗigon daɗi a cikinta. Wani baƙin ciki ne ya rufe ta, wanda ya fi na ranar da rula ta karye. Duk fushin da ta yi a baya, fushi ne da mutumin da take zaton bai gane ba.

"Ashe ka sani," ta ce.

"Ki saurara, ba haka..."

"Ka sani. Kullum kana kwance kana kallona ina zura kai a nan, kuma ka sani." Muryarta ba ta tashi ba, shi ya sa ta fi ciwo. "Hannun Inna hannu ne. Nawa kuwa itace ne, in ya karye a samo wani."

Ya yunƙura zai sauke gadon.

"Kar ka sauke," in ji Tela. "Riƙe shi."

Ya dubi uwarsa, ko za ta ce wani abu. Inna ta kau da kai tana gyara ɗankwali.

Tela ta durƙusa ta fara fitar da kaya. Ba ta yi gaggawa ba. Yadi ɗaya ɗaya take ɗaukowa, ta kaɗe, ta ninke, ta ɗora a gefe. Na mai riga, na mai siket, na yaran maƙwabta, zare, maɓallai, ragowar ƙyalle. Karo na farko ke nan a tsawon lokaci da ta shiga ƙarƙashin gadon nan ba tare da ta kalli sama ba. Shi kuwa gumi ya fara tsattsafo masa, don yanzu da ya tallafe nauyin ya ɗan sauko masa a kafaɗa, sandunan sun sakar masa aikin.

"Gobe zan sayo," ya ce da ƙyar. "Guda biyun. Na gadon. Da sassafe."

"Ka sayo wa mai kwana a kai."

"Haba, me ya yi zafi? Ina za ki da kayan?"

"Gidan yayata. Tana da kabad, kuma ba ya cizo."

"Inna, ki yi mata magana mana!"

Inna ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba. Sannan ta ajiye yadinta a kan tarin, ta jawo babbar jakar da ke rataye a bayan ƙofa, ta zauna a ƙasa da ciwon ƙafarta da komai, ta buɗe bakin jakar ta riƙe wa surukarta.

Tela ta cika jakar, ta zuge. Ta ɗauki hannu ɗaya, Inna ta kama ɗayan, suka ja ta zuwa falo. Daga can ya ji ana kwance kan keken ɗinki daga teburinsa.

"In sauke?" ya ɗaga murya daga ɗaki.

Babu wadda ta amsa masa.